Wikki da Garuruwan Shaƙatawa na Bakin Bahar Rum

Ruwan Wikki yana ɓulɓulowa ne daga ƙarƙashin wani jan dutse a tsakiyar gandun dajin Yankari, cikin ƙaramar hukumar Alkaleri, tafiyar kimanin kilomita 110 daga birnin Bauchi. Ɗuminsa digiri 31 ne a ma'aunin Salshiyas, kuma haka yake dare da rana, ko ana hunturu ko ana bazara. Faɗin wurin wankan ya kai mita 13, zurfinsa a gindin dutsen ya kusa mita 2, daga nan yake raguwa har zuwa inda yaro ƙarami zai iya tsayawa. An ƙiyasta cewa lita miliyan 21 ke fitowa kowace rana, su gangara su shiga kogin Gaji. Ruwan garau yake, wanda ya tsaya a ciki yana ganin yatsun ƙafarsa a kan farin yashi, ga manyan itatuwa sun yi masa rumfa ta kowane gefe. Jihar Bauchi ba ta da teku, amma a duk faɗin arewacin Najeriya babu wurin da ya fi wannan kama da abin da mutanen wasu ƙasashe ke biyan kuɗin jirgi domin su je su samu a bakin ruwa.

Dalilin ɗumin ba wani abin al'ajabi ba ne. Ƙasar Yankari dutsen yashi ce mai shan ruwa. Ruwan damina yakan nutse ya yi nisa a cikinta, kuma duk yadda aka ƙara zurfi a cikin ƙasa haka zafi ke ƙaruwa. Idan ruwan ya samu tsaga sai ya dawo sama da ɗumin da ya ɗauko, bayan yashin ya tace shi tas. Akwai wasu maɓuɓɓugan masu ɗumi a dajin, kamar Dimil da Gwan, sai dai Wikki ce babba, kuma ita ce aka gyara aka yi mata matakala da fitilu domin masu wanka.

Mai tasowa daga Gwallameji, unguwar da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya suka cika a kan hanyar Dass, sai ya ratsa cikin gari ya kama hanyar Gombe. A Dindima, inda gada ta haye kogin Gongola, ake karkata kudu zuwa Mainamaji, ƙauyen da babbar ƙofar gandun take. Daga ƙofar kuma akwai sauran tafiyar kimanin kilomita 40 a cikin daji kafin a kai sansanin Wikki, inda ɗakunan kwana da wurin cin abinci da gidan adana kayan tarihi suke. Wanda ya yi sammako zai iya zuwa ya yi wanka ya dawo Bauchi kafin isha'i, kuma haka mafi yawan ɗalibai ke yi: a haɗa kuɗi, a ɗauki bas, a tafi da abinci a kula. Abinci kuwa sai an yi hattara da shi, domin gwaggon birin sansanin ya san ledar burodi sarai, yakan fizge ta daga hannun mutum da rana tsaka, yakan kuma shiga ɗakin da aka bari a buɗe. Gadu ma na yawo tsakanin ɗakuna yana kiwo kamar na gida.

An keɓe dajin a 1956, zamanin gwamnatin Jihar Arewa, aka buɗe shi ga jama'a ranar 1 ga Disamba, 1962. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne. A 1991 gwamnatin tarayya ta karɓe shi ta sa shi cikin gandayen ƙasa, sannan a 2006, lokacin gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu, ya koma hannun jihar Bauchi. Akwai giwaye, waɗanda ake lissafawa cikin garken da ya fi girma da ya rage a Najeriya, akwai ɓauna da gwanki da kanki da dorina da kada, da ɗan abin da ya saura na zaki. Akwai kogunan Marshall da mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey, da kufan matoyar ƙarfe. Da waɗannan ne jihar ke tinƙaho har ta rubuta a lambar motocinta cewa ita ce lu'ulu'un yawon buɗe ido.

To amma abu guda ya bambanta Wikki da wuraren da suka yi suna a duniya wajen hutun bakin ruwa, wato babu gari a kusa da ita. Domin gane muhimmancin wannan, sai an duba yadda garuruwan gaɓar Bahar Rum suka taso.

Bahar Rum ba baƙon teku ba ne ga Bahaushe. A bakinsa ne hanyar fatake ta Sahara ke ƙarewa. Jar fatar Kano da ta Sakkwato da turkuɗin Kura sun bi ta Agadas da Gat da Gadamas sun isa Tarabulus, kuma har farkon ƙarni na 20 akwai jama'ar Hausawa a Tarabulus da Tunis masu riƙe da harshensu da borinsu. Sai dai a wancan zamani bakin teku wurin masunta ne da ma'aikatan jirgin ruwa, ba wanda ke zuwa can don ya kwanta a yashi. Masu kuɗin Ingila ne suka fara maida gaɓar kudancin Faransa wurin hutu, kuma da sanyi suke zuwa, gudun hunturun ƙasarsu. A birnin Nis, su ne suka tara kuɗin da aka shimfiɗa titin bakin teku a shekarun 1820, titin da har yau ake kira da sunan Turawan Ingila. Zuwa da zafi domin wanka da shan hantsi sai a shekarun 1920 ya zama yayi.

Abin da ya juya al'amarin gaba ɗaya shi ne shigowar talaka. A 1936 Faransa ta kafa dokar ba kowane ma'aikaci hutun mako 2 a shekara tare da albashinsa. Bayan yaƙin duniya na biyu jiragen sama suka yi araha, sai a 1950 wani kamfanin Ingila ya kwashi mutane zuwa tsibirin Kosika a kan farashi guda wanda ya haɗa jirgi da makwanci da abinci. Wannan tsari na biya sau ɗaya ka huta shi ne ya cika gaɓar Sifaniya da Italiya da Girka da leburorin masana'antu da malaman makaranta da masu gadin kanti. Attajirai sun ba wa wuraren suna, amma masu ƙaramin ƙarfi ne suka gina garuruwan, saboda su ne masu yawa, kuma su ne ke dawowa kowace shekara.

Benidom da ke gabashin Sifaniya shi ne misalin da aka fi kawowa. A 1950 ƙauyen masunta ne mai mutane dubu kaɗan, kuma sana'ar kamun kifin da suka dogara da ita tana mutuwa. Magajin garin na lokacin, Pedro Zaragoza, ya sa aka zana taswirar sabon gari a 1956, da faffaɗan tituna da filayen otal, tun kafin a ga baƙin da za su cika su. Ya jawo ruwan famfo daga nesa. Da aka buɗe filin jirgin sama na Alikante a 1967 sai baƙi suka yi ta kwarara. Yau Benidom na da mazauna kimanin 70,000, amma da zafi yawan mutanen da ke kwana a cikinsa yakan ninka haka sau da yawa, kuma dogayen benayensa sun tsaya reras a bakin yashi. Turkiyya ta bi sahu daga baya. Ta fara shirin raya gaɓar kudancin Antaliya a shekarun 1970 da rancen Bankin Duniya, ta yi dokar ƙarfafa yawon buɗe ido a 1982 wadda ta ba masu zuba jari filayen gwamnati haya na dogon lokaci. Garuruwa irin su Kemer da Side da Alaniya suka tashi daga noman lemo da ayaba suka koma karɓar baƙi. A 2023 lardin Antaliya kaɗai ya sauki baƙi fiye da miliyan 15 daga ƙasashen waje, mafi yawansu Rashawa da Jamusawa da Turawan Ingila. A ɓangaren Afirka na tekun kuma akwai Hammamet da Susa da tsibirin Jarba a Tunisiya, da Iskandariya da Marsa Matruh a Masar, inda iyalan Alƙahira ke gudun zafin bazara.

A duk waɗannan wurare, yashi da ruwa kyauta ne ko kusan kyauta. Kuɗin yana shiga ne ta wajen mai ɗakin haya, da mai gasa kifi, da direban tasi, da mai wanki, da manomin da ke kai tumatir otal, da yaron da ke bayar da hayar lema da kujera. Baƙon da ya kwana 7 ya ci abinci sau 21 a garin. Wanda ya zo Wikki da safe da shinkafarsa a kula ya koma da yamma, abin da ya bari a ƙasar Alkaleri kuɗin ƙofa ne kawai, wataƙila da na rake a hanya.

Ta fuskar yanayi kuwa Wikki ce ke da riba. Ruwan tekun Antaliya yakan kai digiri 28 a watan Agusta, amma da sanyi yakan sauko ƙasa da 18, a gaɓar Faransa ma ya fi haka sanyi. Saboda haka daga Nuwamba zuwa Maris otal-otal da yawa rufewa suke yi, a sallami ma'aikata su koma garuruwansu sai wata shekara. Wannan zaman kashe wando na rabin shekara shi ne babban ciwon sana'ar a can. Lokacin nan kuwa shi ne kakar Yankari: ciyawa ta bushe, tafkuna sun ƙafe, namun daji sun taru a bakin Gaji inda ake ganinsu cikin sauƙi. Da asubar hunturu, lokacin da mutanen Bauchi ke ɗora ruwan wanka a wuta, ruwan Wikki har tururi yake yi. Da damina ganin dabbobi kan yi wuya saboda duhuwar ciyawa, amma wankan yana nan yadda yake.

Wani darasin da ya fi kusa da gida yana wajen Turkiyya. Shekaru da yawa ana ɗauka cewa hutun bakin teku na Turawa ne da masu kwaikwayonsu, domin mace mai lulluɓi ba ta da inda za ta shiga ruwa hankalinta a kwance. Masu otal a yankin Alaniya suka lura cewa kasuwa ce babba aka bari a banza, suka buɗe masaukai marasa giya, masu masallaci, masu wurin ninƙaya na mata daban wanda aka kewaye, ma'aikatansa duk mata. A 2014 hukumar birnin Antaliya ta buɗe gaɓar Sarisu ta mata zalla. An yi ta cece-kuce a kai a cikin ƙasar, amma iyalai daga Turkiyya da ƙasashen Larabawa da Musulmin Turai sun cika wuraren. A Wikki, abin da aka saba gani ranar hutu shi ne samari a cikin ruwa, iyaye mata da 'yan mata da yawa kuma suna zaune a bakin matakala suna tsaron jakunkuna, ko su tsoma ƙafa kawai. Keɓe wa mata wasu sa'o'i tabbatattu da kowa ya sani, da mata masu kula da wurin, da ɗakin sauya kaya mai ƙofa, ba abu ne mai cin kuɗi ba. Magidancin da ke Kano ko Azare ko Gombe zai fi saurin ɗauko iyalinsa su kwana biyu idan ya san kowa zai shiga ruwan, ba rabin gidan kaɗai ba.

Ba duk abin da aka yi a Bahar Rum ne abin koyi ba. A 1978 fari ya sa ruwan sha ya yanke a Benidom, har sai da aka riƙa kawo shi da jiragen ruwa, baƙi da yawa suka ƙaurace wa garin na wani lokaci. A gaɓar Malaga an shafe kilomita bayan kilomita da siminti. A 2024 dubban mazauna Mayorka da Barsalona sun fito zanga-zanga saboda gidajen haya sun koma masaukin baƙi, ɗan gari ya kasa biyan kuɗin ɗaki a unguwar da aka haife shi. Teku ma da girmansa ya gaji da dattin da ake zuba masa, balle maɓuɓɓugar da faɗinta mita 13 ne. Sabulun wanka da na wanki, da robobin ruwa, da masai idan aka haƙa shi kusa, kowannensu ya isa ya ɓata Wikki. Duk mai mafarkin ganin benaye a kewaye da ita bai fahimci abin da ke kai mutane can ba.

Akwai wuri guda a Turkiyya da ya fi kowanne kama da halin Yankari, wato gaɓar Iztuzu kusa da garin Dalyan. Yashi ne mai tsawon kilomita 4 da rabi inda kunkurun teku ke fitowa ya yi ƙwai. A 1987 an fara gina babban otal a wurin, masu kare muhalli suka tashi tsaye, cikinsu har da wata Baturiyar Ingila mai suna June Haimoff, gwamnati ta dakatar da aikin ta ayyana yankin a matsayin wuri mai kariya a 1988. Tun daga nan ba a kwana a gaɓar, kuma a watannin ƙwai rufe ta ake yi da dare. Masaukai da gidajen abinci duk suna cikin Dalyan, ƙananan jiragen ruwa na ƙungiyar 'yan garin ne ke kai mutane da safe su dawo da su da yamma. Kunkuru ya tsira, garin kuma ya yi arziki. Idan aka kwatanta, Mainamaji da Dindima da garin Alkaleri su ne Dalyan ɗin Yankari. A nan ya kamata masaukai masu araha su kasance, irin waɗanda ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci zai iya biya, da rumfunan abinci masu tsafta, da kasuwar tabarma da zuma da kayan fata, da motocin da ke tashi zuwa Wikki a kan lokaci sananne. Sansanin cikin daji ya tsaya a girman da yake, a dai riƙa gyara shi, ruwa da wuta su samu.

Wannan yana da alaƙa kai tsaye da rayuwar namun dajin. Ƙauyukan da ke kewaye da gandun su ne giwaye ke shiga gonakinsu su cinye dawa da masara dab da girbi. Daga cikinsu ko ta cikinsu ne mafarauta ke shiga, ta nan ne kuma ake kora shanu kiwo cikin dajin da rani. Ma'aikatan gandun sun sha rasa rayukansu a hannun mafarauta. Ƙungiyar kare namun daji ta WCS mai hedkwata a Amurka ta yi shekaru tana aiki da gwamnatin jihar wajen sintiri da sanya wa giwaye na'urar bin sawu, kuma kashe giwaye don haure ya ragu ƙwarai. Amma sintiri yana da iyaka. Manomin da giwa ta tattake masa gona, bai kuma taɓa ganin sisin baƙo ba, da wuya a shawo kansa cewa giwar dukiyarsa ce. In ɗansa na tuƙa motar baƙi, matarsa na sayar musu da masa, lissafinsa zai sauya.

Sai maganar tsaro, wadda ita ce ke iya rushe komai a dare ɗaya. Ranar 26 ga Yuni, 2015, cikin watan azumi, wani ɗan bindiga ya buɗe wuta a bakin teku kusa da Susa ya kashe mutum 38, 30 daga cikinsu 'yan Birtaniya. Kamfanonin jirage suka janye, otal-otal da dama suka rufe, Tunisiya ta ɗauki shekaru kafin baƙi su dawo yadda suke. Yankari ma ta ɗanɗana irin wannan. Tun da rikicin Boko Haram ya yi ƙamari, ƙasashen Turai da Amurka suka riƙa gargaɗin mutanensu game da arewa maso gabas baki ɗaya, Turawan da a dā ake gani a Wikki suka yi ƙaranci. A 'yan shekarun nan kuma an sha samun rahoton 'yan bindiga a dazuzzukan Alkaleri. Filin jirgin sama na Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da aka buɗe a 2014 ya sauƙaƙa zuwa daga Abuja, amma jirgi ba ya kawo wanda ke tsoro. Abin lura a Tunisiya shi ne, lokacin da Turawa suka ƙaurace, 'yan ƙasa da maƙwabtansu na Aljeriya masu shigowa da mota ne suka riƙe otal-otal ɗin da suka rage a buɗe. Haka abin yake a Yankari: 'yan makaranta da masu hidimar ƙasa da iyalai daga Bauchi da Jos da Gombe da Kano su ne ba su daina zuwa ba.

Ba a rufe zancen Bahar Rum a gaban mai karatu na arewa ba tare da ambaton ɗaya fuskarsa ba. Tekun da ake kwanciya a bakinsa a Hammamet shi ne wanda matasan Afirka ta Yamma ke hawa a kwale-kwalen roba daga Zuwara da Sabrata a Libiya, bayan sun ratsa Agadas da Sabha. A Oktoban 2013 mutum fiye da 360 suka nutse lokaci guda dab da tsibirin Lamfedusa, wanda shi kansa wurin hutu ne mai kyakkyawan yashi. Da yawa daga waɗanda suka tsallake da rai, aikin da suke samu a garuruwan gaɓar Italiya da Sifaniya shi ne wanke kwanuka a otal ko tallar tabarau da jakunkuna a bakin ruwa, wato irin aikin da garin baƙi ke samarwa ko a ina yake.

Jihar Bauchi na da wasu wuraren da za a iya haɗawa da Yankari a tafiya guda, kamar gandun Sumu a Ganjuwa da aka zuba wa raƙuman dawa da jakunan dawa daga Namibiya a 2006, da tafkin Maladumba a Misau, da madatsar ruwa ta Gubi, da kabarin Tafawa Ɓalewa a cikin gari. Babu ɗayansu da ke da ruwan da za a shiga a watan Janairu a ji daɗi. Hukumomin da ke kula da gandun, da ƙaramar hukumar Alkaleri, da sarakunan yankin, su ne ya kamata su zauna su fitar da filin masaukai da kasuwa a wajen ƙofar Mainamaji, su sa lokacin wankan mata, su hana sabulu da roba a bakin Wikki, su kuma tsara farashin da ɗalibin Gwallameji zai iya biya ya kwana.